Wufa ta biyu a but: lissafin da ya kamata mai mota a Fagam ya yi kafin ya je wajen rewaya

Da zarar an gama girbi, kuɗin riɗi da gyaɗa sun shiga hannu, sai lokacin bukukuwa ya kama a Fagam da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ranar kai amarya motoci kan yi layi, Golf da Sharon da tsofaffin Civic, kowacce da kiɗanta. A cikinsu akwai guda ɗaya wadda tun kafin a hango ta ake jin ta a ƙirji. Gilashinta na rawa, lambar bayanta na kaɗawa, yara na bin ta da gudu. Matashin da ke biye da ita a tasa motar, wanda shi ma yana da wufa guda mai inci 12 a but, daga ranar yake fara tunanin ƙaro ta biyu.

A kai lissafin yana da sauƙi: wufa ɗaya tana ba da ƙara kaza, biyu za su ninka. A cikin mota ba haka abin yake tafiya ba. Akwai wanda ya ƙara ta biyu ya samu abin da yake nema. Akwai wanda ya kashe kuɗinsa ƙarar ta tsaya inda take, akwai wanda tasa ta ragu, akwai kuma wanda amfilifayarsa ta yi hayaƙi tun kafin ya fita daga gareji. Abin da ya raba su 'yan lambobi ne da ke rubuce a jikin kayan, waɗanda ba kasafai ake karanta su a shago ba.

Ga mazaunin Fagam kuskure ya fi tsada. Garin yana ƙaramar hukumar Gwaram ne, a kudancin Jigawa, dab da iyakar Bauchi. Manyan kasuwannin irin waɗannan kaya kuwa suna Kano: Sabon Gari wajen kayan sauti, Ƙofar Ruwa wajen kayan mota. Wanda ya bi ta Birnin Kudu da Wudil ya je ya sayo abin da bai dace da motarsa ba, mayar da shi wata tafiyar ce ta yini guda, da kuɗin mai, kuma ba lallai mai shago ya karɓa ba idan an riga an jona.

Nawa ƙarar take ƙaruwa?

Wufa aikinta tura iska. Faifanta yana gaba yana baya sau 20 zuwa kusan 80 a daƙiƙa guda, wato 20 zuwa 80 Hz, kuma wannan motsin shi ne kaurin sautin da ake kira bes. Faifan wufa mai inci 12 yana da faɗin da ya kai kusan murabba'in santimita 500. Idan aka sa biyu, faɗin ya zama kusan 1,000, iskar da za a iya turawa ta ninka.

Ana auna ƙara da desibel. Idan aka ninka faɗin faifai amma wutar da amfilifaya ke bayarwa ba ta canja ba, wato wufa biyu suna raba abincin da guda ɗaya ke ci a da, ƙarin da za a samu desibel 3 ne. Idan aka ninka wutar ma, kowace wufa ta samu cikakken rabonta, ƙarin ya kai desibel 6. Nan ne iyaka, kuma a takarda ne, domin zafin koyil da raunin wutar mota kan ɗan rage shi. Kunnen ɗan Adam kuwa sai an ƙara kusan desibel 10 yake jin kamar ƙara ta ninka. Saboda haka ko an yi komai daidai, wufa biyu ba za su yi ƙarar da kunne zai ce ninki biyu ba. Desibel 6 dai ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya shiga motar zai ji bambanci. Desibel 3 kuwa ana jin sa, amma mai motar kan fito yana tambayar kansa ko a kan wannan ya kashe kuɗin.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Wufa biyu da ke raba aiki, kowacce rabin motsi take yi kafin a kai ƙarar da guda ɗaya ke kaiwa da ƙyar. Sautin yakan fi tsabta, babu wannan ɓarɓar ɗin da ake ji idan faifai ya kai maƙurarsa, kuma kayan sun fi daɗewa. Wanda ya ƙara ta biyu don wannan dalili, ya bar maɓallin ƙara inda yake, shi ne ya fi kowa cin moriyar kuɗinsa. Irinsa ba su da yawa.

Sai kuma tambayar abin da ake saurara. Amapiano, wanda ya taso daga Afirka ta Kudu, da yawancin sababbin waƙoƙin da ake haɗawa a situdiyoyin Kano da Kaduna da Legas, suna da bes mai zurfi da wufa za ta yi aiki a kansa. Tsofaffin faya-fayen Mamman Shata ko Ɗanƙwairo, da karatu da wa'azi da shirye-shiryen rediyo, kusan duk sautinsu yana sama da inda wufa ke aiki. Direban da rabin tafiyarsa labarai yake ji, lasifikan ƙofa masu kyau sun fi masa amfani. Haka ma mai tallan magani ko motar kamfe da ke son murya ta kai ƙarshen kasuwar Sara: lasifikar ƙaho ce maganinsa, wufa ko goma ya jera ba za ta kai magana nesa ba.

Om: lambar da ke ƙona amfilifaya

A bayan kowace wufa, kusa da maganaɗisu, ana rubuta om ɗinta, galibi 4 ko 2. Wannan lamba tana nuna yadda wufar ke tare wuta. Idan lambar ta yi ƙasa, wuta mai yawa ke wucewa, amfilifaya kuma ta ƙara shan wahala. Kowace amfilifaya tana da mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, kuma yana rubuce a jikinta ko a takardarta.

Hanya biyu ake haɗa wufa biyu. Ta farko ita ce wadda rewaya ke kira faralel: fozitif da fozitif, negetif da negetif, duka su tafi amfilifaya. Wufa biyu masu om 4 a wannan haɗi sun zama om 2. Ta biyu ita ce siris, haɗin sarƙa: waya ta fito daga amfilifaya ta shiga ta farko, ta fita daga negetif ɗinta ta shiga fozitif ɗin ta biyu, sannan ta koma. A nan om 4 da om 4 sun zama 8.

A ɗauki amfilifaya mai tasha ɗaya da ke ba da wat 300 a om 4, da wat 500 a om 2. Da wufa guda mai om 4, wat 300 take samu. Aka ƙara ta biyu a faralel, jimillar wuta ta koma 500, kowacce tana samun 250. Ƙarin faɗin faifai ya kawo desibel 3, ƙarin wuta ya kawo kusan 2, an tashi da kusan 5. Wannan ciniki ne mai kyau. Amma da a siris aka haɗa su, amfilifayar za ta ga om 8, wutarta ta faɗo kusan wat 150. Abin da faɗin faifai ya ƙara, raguwar wuta ta cinye shi. Mai mota ya sayi wufa, ya biya kafinta, ya biya rewaya, ƙarar kuma tana nan yadda take jiya.

Haɗarin ya fi yawa a amfilifaya mai tasha biyu ko huɗu, irin wadda ta fi yawa a motocin matasa. Don a samu ƙarfi, ana haɗe tasha biyu su zama ɗaya, abin da ake kira birij. Yawancin irin waɗannan amfilifayoyi, idan an yi musu birij, om 4 ne iyakarsu. Wufa guda mai om 4 ta zauna lafiya a kai shekara da shekaru. Ranar da aka jona ta biyu a faralel, nauyin ya koma om 2, kowace tasha a ciki tana ganin kamar om 1. Mai kyau za ta kunna jar fitilarta ta kashe kanta. Maras kyau za ta yi ta aiki tana zafi har wani abu ya ƙone a ciki, wani lokaci ta tafi da koyil ɗin wufar.

Wasu wufofin koyil biyu gare su, za a ga wurin jona waya huɗu a jikinsu. Biyu masu koyil biyu na om 4 ana iya haɗa su su ba da om 1 ko om 4. Biyu masu koyil biyu na om 2 kan ba da om 2, ko rabin om, wanda kusan babu amfilifayar kasuwa da za ta jure shi. Mita mai auna om, wadda kowane rewaya na kirki yake da ita, tana warware gardama cikin minti guda: a auna wayoyin biyu da za su shiga amfilifaya kafin a jona. Mitar kan nuna ƙasa kaɗan da lambar da ke rubuce, misali 3.4 a madadin 4, wannan ba matsala ba ne.

Batun wat ma yana da nasa rikicin. Kwali kan zo da 3000W ko 5000W da manyan haruffa, a gefe an sa PMPO ko MAX. Lambar da ake aiki da ita ita ce RMS, wutar da na'ura ke iya bayarwa ko ɗauka a kai a kai. Kamfanonin da ke bin ƙa'idar CTA-2006 ta Amurka suna auna ta a bolt 14.4, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Kasuwa kuma cike take da kayan jabu da ke ɗauke da sunayen Pioneer da Sony da JBL da Kenwood, waɗanda kamfanonin ba su san da su ba. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar amfilifaya ita ce duba fis ɗinta. Idan fis biyu ne masu amfiya 25, jimilla 50 ke nan. A ninka da bolt 14.4, an samu wat 720, kuma wannan shi ne iyakar abin da zai iya shiga cikinta. Amfilifaya ajin AB kusan rabin abin da ta sha take mayarwa sauti, sauran ya tafi a zafi, don haka abin da za ta bayar bai fi wat 400 ba, ko me aka rubuta a kwali. Ajin D ta fi tattali, takan mayar da kusan kashi 80 cikin 100.

Daga ina wutar za ta fito?

Nan ne motocin da suka kwana biyu ke nuna shekarunsu. Batir tayar da inji ne aikinsa. Da inji ya tashi, altaneta ce ke ciyar da komai, tana riƙe wuta tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ƙananan motoci na shekarun 1990 da farkon 2000, irin waɗanda suka cika tashoshin Gwaram da Birnin Kudu, altanetarsu galibi amfiya 70 zuwa 90 take bayarwa, kuma sai inji na gudu sosai. A tsaye, inji na silo, abin da take bayarwa kan faɗo kusan rabi. Daga ciki fitilu da fankar lagireto da famfon mai da na'urar sanyi duk suna ɗibar nasu.

Amfilifaya ajin D da ke ba da wat 500 tana jan kusan amfiya 45 idan an kai ta maƙura. Ajin AB mai wannan ƙarfi kan ja sama da 60. Kiɗa ba a maƙura yake zama kullum ba, yana hawa yana sauka, shi ya sa motoci da yawa ke jurewa. Amma duk bugun bes yana neman wutarsa a take, kuma idan altaneta ta gaza, batir ne ke cikawa. Alamar da kowa ya sani ita ce fitilun gaba su riƙa lumshewa tare da kiɗa. A cikin gari abin dariya ne. A hanyar Babaldu zuwa Gwaram da daddare, inda babura marasa fitila da shanu ke tsallaka titi, ba abin dariya ba ne.

Masu sayar da kaya kan ba da shawarar kafasito, wani gwangwani mai nuna lambobi da ake ɗaurawa kusa da amfilifaya. Yana ɗan rage lumshewar fitila, amma ba ya ƙirƙiro wuta, abin da altaneta ta ba shi yake ajiyewa na ɗan ƙiftawar ido. Gyaran da ya fi shi amfani, kuma ya fi araha, shi ne ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa fozitif na batir, daga negetif na batir zuwa jikin mota, da daga inji zuwa jikin mota. A tsohuwar mota, kankare tsatsa da fenti a wurin da wayar atin ke kama ƙarfe kaɗai yakan kawo canji. Idan bayan wannan mita ta nuna wuta na faɗowa ƙasa da bolt 13 lokacin da kiɗa ke bugawa, altanetar ta yi kaɗan, sai dai a nemi babba ko a haƙura da ƙarfin da ake da shi.

Akwai kuma al'adar ajiye mota a majalisa ko gidan biki, a buɗe but, a kashe inji, kiɗa na tashi. Batir mai amfiya-awa 60 da ake jan amfiya 20 daga gare shi ya rasa kashi ɗaya cikin uku a awa guda. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan ya sauko 12.2 kusan rabinsa ya tafi. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, kowane zuƙewa yana rage masa kwana, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a wannan yanki kuma yana ƙara gaggauta mutuwarsa. Barin inji a kunne yana ceton batir, amma da kuɗin mai, wanda tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ba wanda ke wasa da shi. Altanetar da ke aiki da dukkan ƙarfinta kan ci ƙarfin doki biyu zuwa uku daga inji.

Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa but ita ce abu mafi haɗari a duk aikin. Wadda aka sa don wufa guda, galibi geji 8, ba lallai ta ishi biyu ba. Daga kusan wat 500 zuwa 1,000 geji 4 ake so, domin a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Sannan da yawan wayoyin da ke kasuwa alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana rubuta musu CCA, kuma kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka suke ɗauka. A kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, alminiyon ne, sai a ɗauki wadda ta fi kauri. Wasu kuma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki siriri.

Dole a sa fis a kan wannan waya, bai wuce santimita 45 daga batir ba. Aikinsa kare motar ne. Idan robar wayar ta goge a jikin ƙarfe, abin da gargadar hanyoyin ƙauye ke saurin jawowa, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a wurin, wayar ta yi ja ta kama kafet. Fis ne kawai ke tsayar da wannan. Ɗaure fis da guntun waya idan ya ƙone, kamar yadda ake yi a gareji da yawa, daidai yake da cire shi. Wanda kuma ke ajiye jarkar fetur a but saboda nisan gidan mai, bai kamata amfilifaya mai zafi da wayoyi su kwana wuri ɗaya da ita ba. A kuma lura wajen ɗaure kusoshi a ƙasan but, domin a motoci da yawa tankin mai da bututunsa suna nan ƙasa.

Akwatin da kafinta zai yi

Wufa ba tare da akwatin da ya dace ba rabin wufa ce. Tun 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin dangantakar lasifika da girman akwatinta, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma har yau da shi kamfanoni ke faɗin lita nawa kowace wufa ke buƙata. Mai inci 12 a rufaffen akwati galibi tana son lita 28 zuwa 35. A akwati mai hudar iska, 50 zuwa 70. Wufa biyu ninkin wannan suke so. Huda rami na biyu a tsohon akwatin da aka yi don guda ɗaya yana matse su duka, zurfin bes ɗin ya gudu, a bar mutum da bugu mai tauri.

Katakon MDF mai kaurin milimita 18 aka fi amfani da shi, a haɗa da gam da kusoshi, a toshe duk wata kafa. Ya fi kyau a raba akwatin gida biyu da katako a tsakiya, don idan ɗaya ta mutu kada ɗayar ta riƙa tura ta. Su kuma wufofin su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Haɗa tsohuwar inci 12 da sabuwar inci 10 ta wani kamfani yana aiki, sauti zai fito, amma ɗaya za ta kai maƙurarta kafin ɗayar, kuma ba za su raba wuta daidai ba.

Kuskuren da ya fi ban haushi shi ne juya waya. Idan aka jona ɗaya daidai, ɗayar a juye, lokacin da wannan ke turo iska waccan tana janyewa, su kashe juna. Mai mota ya ga faya-faye biyu suna rawa da ƙarfi, bes kuwa babu. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, a taɓa wayoyin akwatin a kansa na ɗan lokaci. Faya-fayen biyu su fito tare ko su shiga tare. Idan ɗaya ta fito ɗaya ta shiga, a juya wayar guda.

Irin wannan akwati da wufofinsa kan haura kilo 25, kuma a Golf yakan cinye kusan but ɗin gaba ɗaya. Ga direban haya da ke ɗaukar buhuna ranar kasuwa, wannan wurin kuɗi ne da zai riƙa rasawa kowane mako. Sau da yawa akwatin kan danne murfin safaya taya. A motar da but ɗinta ke haɗe da ɗakin fasinja, akwatin da ba a ɗaure ba zai iya tasowa kan mutanen kujerar baya idan aka yi karo. Wanda wuri ya yi masa kaɗan, wufa guda mai inci 15, wadda faɗin faifanta ya haura murabba'in santimita 800, ta kusa kamo biyu masu inci 12, kuma babu rikicin om.

Abin da wayar hannu ke yi wa wufa

Yau kusan duk kiɗan mota daga waya yake fitowa, ta Bluetooth ko igiya ko ɗan abin da ake soka wa a wurin kunna sigari ya aika ta FM. Da yawan wufofin da ke ƙonewa daga nan matsalarsu take farawa. An ɗaga bes a manhajar kiɗa, an ɗaga a rediyon mota, an kuma murɗa na jikin amfilifaya. Kowane ƙarin desibel 3 ninkin wuta yake nema, desibel 6 ninki huɗu. Amfilifaya ba ta da shi, sai ta fara yanke kan sautin, ta riƙa tura wa koyil wutar da zafi kawai take zama. Warin da ke tasowa daga but a irin wannan lokaci gam ɗin koyil ne ke dahuwa. Waƙoƙin da ake turawa waɗanda aka riga aka ƙara musu bes kafin a ɗora su a intanet sun fi illa, domin a yanke suke tun daga tushe. Waƙar da aka naɗa da makirufon waya a wurin biki kuwa ba ta da bes ɗin da za a fito da shi, ko wufa nawa aka sa.

Maɓallin gen da ke jikin amfilifaya ba na ƙara ba ne, na daidaita ta da rediyo ne, kuma ana iya saita shi da waya da mita. A cire wayoyin wufa, a kashe duk wani ƙarin bes, a kai ƙarar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, a kunna sautin gwaji na 50 Hz daga ɗaya daga cikin manhajojin kyauta da ke samar da shi. A sa mita a ma'aunin AC a bakin amfilifaya. Lambar da ake nema ita ce wadda idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wat sau om. Ga wat 500 a om 2, wato 1,000, lambar ita ce bolt 31.6. A murɗa gen a hankali har mita ta kai nan, a tsaya. Sai a saita matatar sauti a kusan 80 Hz don kada murya ta riƙa fitowa daga but.

Kafin a sayi komai ma, akwai desibel na kyauta da ake bari a ƙasa. Juya akwati ya fuskanci bayan mota, a matsa da shi kusa da murfin but, yakan ƙara bes a motoci da yawa. Toshe kafar da iska ke fita a tsohon akwati, gyara atin, da liƙa roba a bayan lambar mota don ta daina kaɗawa, duk aikin yamma ɗaya ne.

Kunne da maƙwabta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. A ma'aunin wuraren aiki, desibel 85 awa 8 ne, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya rage minti 15. Waɗannan ma'aunai ba sa ba bes nauyi kamar sauti mai kaifi, amma wanda ya ƙara bes yakan ɗaga sauran lasifikan don murya ta biyo, kuma nan ɓarnar take. Mota rufaffen ɗaki ne ƙarami da ke ƙara wa bes ƙarfi da kansa, haura desibel 100 a ciki ba wuya. Idan aka fito kunne na ƙugi ko magana na zuwa kamar daga cikin rijiya, an wuce gona da iri. Ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa. Yaran da ake zubawa a kujerar baya ranar biki su suka fi kowa kusa da akwatin.

A waje kuma, sautin 40 Hz tsawon zangonsa ya haura mita 8, shi ya sa katangar ƙasa ko ta bulo ba ta tare shi yadda take tare murya. Mai mota na jin waƙa, mai jinya a cikin gida bugu kawai yake ji a ƙirji. Hukumar NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, amma a gari kamar Fagam, inda kowa ya san motar ɗan wane ce, ƙorafi gidan mahaifi ko wajen mai unguwa yake fara zuwa. Amfilifayoyi da yawa suna zuwa da ɗan maɓalli mai doguwar waya da ake ɗaurawa kusa da sitiyari, wanda ke sauke bes kaɗai ba tare da an taɓa rediyo ba. Rewaya kan bar shi a kwali saboda jan wayarsa ƙarin aiki ne. Ya cancanci a sa shi, don wucewa ta gaban masallaci, makarantar allo, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Wanda ya gama wannan lissafi ya ga har yanzu yana so, kafin ya kama hanyar Kano ya ɗauki hotuna huɗu a wayarsa: bayan wufar da yake da ita inda aka rubuta lambarta da om, gefen amfilifaya inda fis suke, takardar da ke manne a jikin altaneta, da but ɗin motar tare da awon tsawo da faɗi da zurfinsa. A shago ya nemi a sa mita a kan sabuwar wufar a gabansa kafin ya biya.